Masu Sa wa Ubangiji Rana Suna Cutar da Talakawan Ikkilisiya

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi mu Kiristocin Maraɗi da kewaye, ko da yake na san yawancin masu karanta jaridarka ƴan'uwanmu Musulmi ne. Na kawo maganar nan ne maimakon in bar ta a cikin majami'a, domin abin da nake kuka a kansa a wayoyin hannu yake yawo, yana shiga gidajen da fasto bai taɓa takawa ba, kuma duk abin da ya yaɗu a bainar jama'a ya kamata a ba shi amsa a bainar jama'a. Ina magana ne a kan masu sa wa komowar Yesu Almasihu rana da wata da shekara, da kuma ɓarnar da suke yi wa rayuwar masu bi ta yau da kullum.

A shekarar 2025, wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ya fito ya ce Yesu ya bayyana gare shi, ya kuma sanar da shi cewa za a fyauce masu bi, wato a ɗauke su zuwa sama, a ranar 23 ko 24 ga Satumba. Maganar ta bazu a TikTok da Facebook da WhatsApp, aka fassara ta harsuna da yawa, har ta iso mana nan cikin saƙonnin murya da Hausa, wasu daga ƴan'uwa na ƙetaren iyaka, wasu kuma daga yaranmu da ke karatu a Yamai. Ranakun sun zo sun wuce, sai aka ce an yi kuskuren kalanda ne, aka matsar da ranar zuwa watan Oktoba, ita ma ta wuce. Waɗanda suka yi ta tura saƙon dare da rana sun koma tura wasu abubuwa, kuma ban ji ko ɗaya daga cikinsu ya koma ga mutanen da ya firgita ya ce su yafe masa ba.

Wanda ke zaune a Maraɗi ya san abin da ƙarshen Satumba yake nufi. Lokaci ne da gero ya nuna ana girbi, wake da gujiya suna shirin shigowa kasuwa, iyaye kuma suna lissafin kayan lakkwal domin komawar yara a watan Oktoba. A ikkilisiyarmu akwai wata gwauruwa ƴar zumuntar mata, wadda da sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli take riƙe da ƴaƴanta tun rasuwar mijinta. Al'adarta ce kowace shekara ta karɓi kwasar adashe gab da kaka, ta sayi gujiya tiya-tiya lokacin da take da araha, ta ajiye a ɗaki, ta riƙa soyawa da matsewa kaɗan-kaɗan har rani ya yi nisa. A wannan karon ta karɓi kuɗin, amma ba ta sayi ko tiya ɗaya ba. Ta raba wani kashi ga maƙwabta, ta aika wani kashi ga masu addu'ar da suka turo mata saƙon, ta rufe turminta da kaskonta, ta kwana uku tana azumi tare da yaran, sanye da tufafinsu na Lahadi. Da na je gaishe ta bayan abin ya wuce, na tarar da kaskon a kife a gindin bango, ƙura ta rufe shi, ita kuma ta kasa ɗaga ido ta dube ni. Ba ta yi kukan kuɗin ba ko kaɗan. Abin da ta tambaye ni shi ne ko zunubinta ne ya hana Ubangiji zuwa. Matan zumunta sun haɗa mata ɗan jari daga baya, ta koma sana'a, amma ta daɗe ba ta zo sujada ba, saboda kunya da kuma wata shakka da ta shiga zuciyarta wadda a da babu ita.

Wannan matar ba wawiya ba ce. Tana da bangaskiyar da ta fi ta yawancinmu, kuma wannan bangaskiyar ce aka yi amfani da ita aka cuce ta. Mai sa ranar yana can ƙasarsa, bai yi asarar komai ba, hasali ma masu kallonsa a intanet ƙaruwa suka yi.

Kada wani ya ɗauka ina musun komowar Almasihu. Na gaskata zai sāke dawowa ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, kamar yadda ikkilisiya ta shaida tun zamanin manzanni, kuma ina sa zuciya ga wannan rana. Amma shi wanda muke jira ɗin da bakinsa ya faɗa, a Matiyu 24:36 da Markus 13:32, cewa wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya san su, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. Bayan tashinsa daga matattu, da almajirai suka sāke tambayarsa ko lokacin ya yi, ya amsa musu a Ayyukan Manzanni 1:7 cewa sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne, Uba ya ajiye su cikin ikonsa, sa'an nan ya ba su aikin shaida tun daga Urushalima har iyakar duniya. Duk wanda ya zo ya ce an nuna masa ranar a mafarki, ko ya ciro ta daga lissafi, yana da'awar sanin abin da Ubangiji ya hana manzanninsa ne, kuma ban ga yadda Kirista zai saurari irin wannan mutum ba tare da ya ajiye maganar Yesu a gefe ba. A nan ma mun yi tarayya da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke karantar da cewa sanin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai.

Abin ba sabo ba ne, kuma tarihinsa ya isa ya zama gargaɗi. A Amurka, wani manomi mai wa'azi, William Miller, ya ɗauki kwana 2,300 da aka ambata a Daniyel 8:14 ya mai da kowace rana shekara guda, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi wajen 1843 zuwa 1844. Daga baya mabiyansa suka tsai da ranar 22 ga Oktoba 1844, dubban mutane suka jira, wasu manoma suka bar amfanin gonarsu ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru. A Koriya ta Kudu, Lee Jang Rim ya sa ranar 28 ga Oktoba 1992, mutane suka bar aiki suka sayar da gidaje suka miƙa masa kuɗin, sai bincike ya gano yana riƙe da takardun ajiyar kuɗi da ba za su nuna ba sai shekarar 1993, wato shi da kansa yana tanadin bayan ranar da ya ce duniya za ta tashi, kotu kuma ta ɗaure shi saboda zamba. Harold Camping, mai gidan rediyon Kirista a California, ya fara sa watan Satumba na 1994, sa'an nan ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsar zuwa 21 ga Oktoba na shekarar. Wani ɗan fansho a New York ya kashe dalar Amurka 140,000 na ajiyarsa wajen buga tallar wannan rana. Camping dai, a shekarar 2012, ya fito ya amsa cewa abin da ya yi zunubi ne, kuma wannan ya fi abin da yawancin magadansa na yau suke yi.

A nahiyarmu abin ya wuce asarar dukiya ya kai ga rayuka. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, wata ƙungiya da ta yi wa mabiyanta alkawarin ƙarshen duniya a ƙarshen 1999 ta karɓi dukiyarsu, da ranar ta wuce mutane suka fara neman a mai da musu kayansu, sai a ranar 17 ga Maris 2000 aka kulle ɗaruruwa a cikin ɗakin sujada aka cinna wuta, aka kuma tono wasu gawarwakin a gidajen ƙungiyar, jimillar mamatan ta haura 700. A watan Yuli na 2022, ƴan sandan jihar Ondo a Najeriya suka fito da mutum 77, cikinsu har da yara da yawa, daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a inda aka tara su jiran fyaucewa. A 2023 kuma aka tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mutanen da aka umarta su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Ban ce duk mai tura saƙon murya yana da irin wannan niyya ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mafarin duk waɗannan masifu ɗaya ne: an fara shawo kan mutum cewa gobe ba ta da amfani, daga nan gonarsa da karatun ƴaƴansa da jarinsa suka zama abin banza a idonsa, a ƙarshe har ransa.

Na fahimci dalilin da ya sa irin wannan wa'azi yake samun kunne a wurinmu, kuma ba na raina masu saurarensa. Shekarun nan sun yi mana nauyi. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, farashin abinci da magani ya tashi a garin da rayuwarsa ta dogara ga hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje ta ci rayuka a cikin garin Maraɗi. Ƴan bindiga suna satar mutane da shanu a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. Ga labarin yaƙi a Gabas ta Tsakiya yana shigowa waya kowace safiya. Mutumin da ya gaji da wannan duka, idan aka ce masa saura mako biyu wahala ta ƙare, zai so ya gaskata. Sai dai Yesu ya riga ya yi magana a kan wannan ma. A Matiyu 24:6-8 ya ce za a ji labarin yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, za a yi yunwa da girgizar ƙasa a wurare dabam-dabam, amma kada a firgita, domin ƙarshen bai yi ba tukuna. Ayar da aka ba mu domin ta kwantar mana da hankali ita ce masu lissafi suke juyawa su tayar mana da shi. Dattawanmu da suka ga yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, da waɗanda suka ga yaran da aka yi ta kaiwa cibiyoyin tamowa a 2005, sun ji an ce musu a lokacin ma ƙarshen ya zo. Waɗanda suka ceci rayuka a waɗancan shekaru su ne waɗanda suka auna hatsi suka raba, suka ɗauki yara zuwa likita, suka ajiye iri domin damina mai zuwa.

Akwai wani wuri a littafin Irmiya da nake ganin ya kamata kowane fasto na yankin nan ya yi wa'azi a kansa, domin ya yi daidai da halinmu ƙwarai. Bayan an kwashe kashin farko na mutanen Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali a gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu Allah zai karya karkiyar sarkin Babila ya komo da kamammu gida. Magana ce mai daɗin ji, tana da wa'adi, kuma an faɗe ta da sunan Ubangiji. Irmiya ya amsa da cewa shi ma yana fatan haka, amma annabin da ya yi alkawarin salama ba a sanin Allah ne ya aiko shi sai maganarsa ta cika. Daga baya ya gaya wa Hananiya cewa ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya, Hananiya kuwa ya mutu a cikin wannan shekara. Sa'an nan a sura ta 29 Irmiya ya rubuta wa kamammun wasiƙa, abin da ke cikinta kuwa ba shi da armashin annabcin Hananiya ko kaɗan. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da ƴaƴansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a, domin cikin lafiyarsa ne za su sami tasu. Wa'adin shekara 70 ne, wato yawancin masu karanta wasiƙar ba za su ga komowar da idonsu ba. Shi Irmiya da kansa, lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima yana kuma tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa aka rubuta takardar ciniki a gaban shaidu aka adana ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Mutumin da ya fi kowa sanin hukuncin da ke tafe shi ne ya auna kuɗi ya sayi gona. Mu da muke ƴan tsiraru a wannan gari, muna zaune tsakanin maƙwabta da muke cin kasuwa ɗaya da su muna kuma shan ruwan famfo ɗaya, umarnin neman lafiyar birni ya shafe mu kai tsaye, kuma ba ya yiwuwa ga wanda ya riga ya ɗaure kayansa yana kallon sama.

Sabon Alkawari bai sauya wannan ba. A ikkilisiyar Tasalonika an sami waɗanda suka ruɗe da zancen cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo, aka kuma sami waɗanda suka daina aiki suna yawon shiga sha'anin mutane suna cin abincin wasu. Bulus ya gargaɗe su kada su yarda a girgiza su da wani ruhu ko wata magana ko wasiƙar da aka ce daga wurinsa take, sa'an nan ya tuna musu cewa shi da kansa ya yi aiki dare da rana domin kada ya nauyaya wa kowa, ya kuma kafa musu ƙa'ida a 2 Tasalonikawa 3:10 cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Manzon da ya rubuta mana zancen busa ƙaho da fyaucewa cikin gajimare, shi ne a cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa ya ce a yi ƙoƙarin zaman natsuwa, kowa ya kula da sha'aninsa ya yi aiki da hannunsa, domin a yi zaman mutunci a idon waɗanda ba sa cikin ikkilisiya. Wannan magana ta ƙarshe tana damuna, domin duk lokacin da ranar da aka sa ta wuce, abokan zamanmu a kasuwa da tasha suna tambayarmu ina labarin, kuma sunan Almasihu ne yake shan raini saboda maganar da bai faɗa ba.

Idan mutum ya karanta Matiyu 24 ya wuce zuwa sura ta 25 ba tare da ya tsaya ba, zai ga yadda Yesu da kansa ya fassara zaman tsaro. Amintaccen bawa shi ne wanda maigida ya dawo ya tarar yana ba mutanen gida abincinsu a kan kari. Ƴan mata masu hikima su ne waɗanda suka yi tanadin mai domin sun san ango yana iya jinkiri. Bawan da aka hukunta shi ne wanda ya binne kuɗin da aka damƙa masa saboda tsoro, maimakon ya juya shi. A wurin shari'ar ƙarshe kuma, tambayoyin da Sarki zai yi a kan mayunwaci ne da mai ƙishi da baƙo da mai tsiraici da marar lafiya da ɗan kurkuku. Babu tambaya ko ɗaya a kan wanda ya gane ma'anar lamba 666 ko ya gano wace ƙasa ce ƙaho na goma da aka ambata a littafin Wahayin Yahaya. Ko annabcin gaskiya ma, idan ya zo, ga abin da yake haifarwa: da Agabas ya yi annabcin babbar yunwa a Ayyukan Manzanni 11, masu bi na Antakiya sun tara gudummawa ne kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa ƴan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin tarihin ikkilisiya a ƙasar nan ya ishe mu. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara aiki a Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri, mutane ne da suka gaskata da komowar Almasihu da zuciya ɗaya suna kuma wa'azinta. Duk da haka sun buɗe asibitin Galmi a 1950, suka buɗe na kutare a Danja a 1956, inda har yau ake wanke gyambo ana ɗaure shi kowace safiya, aikin da ba shi da wani ɗaukaka a idon duniya kuma ba ya ƙarewa a rana ɗaya. A nan Maraɗi ne kuma Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ya zo aikin mishan, ya lura a wajen 1983 cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturen itatuwan da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoman yankin nan, Musulmi da Kirista, su ne suka ɗauki dabarar suka raya ta, wadda muke kira sassaben zamani. Duk wanda ya taɓa ganin ana yinta ya san irin haƙurin da take bukata. Manomi yana durƙusawa gaban kututturen kalgo ko sabara da lauje ko ƴar gatari, ya duba rassan da suka tsiro, ya zaɓi ƴan ƙalilan masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran, ya gyara na ƙasa-ƙasa, wani lokaci ya ɗaura tsumma domin masu neman itace su san da mai shi. Shekara mai zuwa ya sāke dawowa ya yi haka. Sai bayan wasu shekaru ne zai sami itacen girki da inuwa da ganyen da ke taki, iska kuma ta daina binne masa shuka da rairayi. Da wannan aiki na sannu-sannu aka farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Mutumin da aka tabbatar masa duniya za ta tashi a watan gobe ba zai durƙusa gaban kututture ba, kuma da kakanninmu da iyayenmu sun saurari masu sa rana, da yau hamada ce a gonakin Agye da Tasawa.

Wasu ƴan'uwa suna ce mini ko da ranar ba ta cika ba, ai tsoron ya sa mutane sun tuba, majami'u sun cika, mashaya sun bar giya, waɗanda suka yi gaba sun shirya. Na ga hakan da idona, kuma ba na musun cewa wasu sun amfana. Amma na kuma ga abin da ya biyo baya. Tuban da aka ɗaura wa wa'adi yakan kwance idan wa'adin ya wuce, mutumin kuma yakan koma da taurin zuciyar da ta fi ta da, domin yanzu yana da hujjar cewa an taɓa ruɗinsa da sunan Allah. Matasanmu masu karatu a jami'a su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin idan suka ga manya sun gaskata abin da bai tabbata ba, sai su fara tambayar ko sauran abin da aka koya musu ma haka yake. Ban da haka, Allah ba ya bukatar ƙarya domin ya ceci kowa. Dalilin tuba na gaskiya yana nan kullum ba tare da kalanda ba, domin Yakubu ya ce ranmu kamar hazo yake, ba mu san abin da gobe za ta kawo ba, kuma kowannenmu ya raka gawar wanda ya girme shi da ta wanda ya girma.

Laifin bai tsaya ga baƙin da ke intanet ba. Shugabannin ikkilisiyoyinmu suna da nasu kason, domin da yawa suna tsoron littafin Daniyel da Wahayin Yahaya, sai su tsallake su shekara da shekaru, su bar masu bi da yunwar sani, wadda wani zai zo ya cika musu da tatsuniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wahayin Yahaya wasiƙa ce da aka aika wa ikkilisiyoyi bakwai na ƙasar Asiya, wadda take cikin Turkiyya ta yau, a lokacin da masu bi suke shan tsanani ƙarƙashin mulkin Roma, kuma abin da take nanatawa shi ne jimiri da aminci har mutuwa. Ikkilisiyar da ta ga an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 tana bukatar wannan littafi ƙwarai, amma tana bukatar a koya mata shi daga farko zuwa ƙarshe, da tarihinsa da manufarsa, domin kada a riƙa tsinto mata aya ɗaya ana manna wa allurar rigakafi ko katin shaida ko lambar waya. A lokacin korona an gaya wa mutane cewa allurar ita ce alamar dabbar da Wahayin Yahaya ya ambata, kuma irin wannan magana tana sa uwa ta ɓoye ɗanta ranar da ma'aikatan lafiya suka zo rigakafin ƙyanda.

Saboda haka ina roƙon shugabannin EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da na sauran ɗarikun da ke Maraɗi su ɗauki wannan a matsayin aikin kiwon garke na gaggawa. Idan wata sabuwar rana ta fara yawo, kuma za ta yi, kada a jira ta wuce sa'an nan a yi shiru kamar ba a ji ba. A tsaya a kan bagade tun kafin ranar a faɗa wa jama'a da Hausa ƙarara cewa wannan magana ba daga Ubangiji take ba, a karanta musu Kubawar Shari'a 18:22, inda aka ce annabin da maganarsa ba ta cika ba da izgili ya yi ta, kada a ji tsoronsa. Makarantun Littafi Mai Tsarki da ke horar da masu bishara na ƙauyuka su ba koyarwar ƙarshen zamani lokaci isasshe, domin mai bishara na ƙauye shi ne wanda ake fara kawo wa wayar a ce ya saurara ya yi bayani. Mai wa'azin da ya taɓa sa rana ta wuce kada a sāke ba shi bagade sai ya tsaya gaban ikkilisiya ya janye maganarsa, wanda kuma ya karɓi kuɗi ko kaya a hannun mutane da wannan dalili a sa shi ya mayar. Dattawa da shugabannin zumuntar mata su bi gida-gida su nemo waɗanda suka daina zuwa sujada tun watan Oktoba na 2025, domin da yawansu kunya ce ta tsare su, kuma wasu suna bukatar jari ko kuɗin makarantar yara kafin su bukaci wa'azi.

Ga matasanmu masu riƙe da wayoyi kuma, ku ne ƙofar da waɗannan saƙonni suke bi su kai ga iyayenku da ba su iya karatu ba, kuma iyayen suna gaskata su ne domin daga hannunku suka fito. Kafin ku tura wa mahaifiyarku muryar wani baƙo da ke cewa saura kwana kaza, ku kai wa fastonku ko wani dattijo ya saurara tukuna, idan kuwa kun riga kun tura a baya, ku koma wurinta ku gaya mata da bakinku cewa maganar ba gaskiya ba ce.

Na gode, ranka ya daɗe, da filin da ka ba ni. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Naka,
Wani dattijon ikkilisiya,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar